Lasisin Shan Sukari

A layinmu na Kantin Kwari ni ne wayayye. Ba wanda ya naɗa ni, amma har yau ba a samu wanda ya tsige ni ba. Ni na fara sanya farin tabarau alhali idona garau yake, ni na fara karɓar ciniki ta waya tun maƙwabta na lasar yatsa suna ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar, kuma duk ranar da gardama ta sarƙe a kan farashin dala, ni ake juyowa a kalla, in gyara zaman hula in yanke hukunci. Na faɗa maka wannan tun farko ne don ka san daga wane tsayi aka faɗo.

A gidanmu kuwa ciwon suga ya daɗe da zama ɗan gida. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a kan tuwon alkama da acha da dafaffen wake ya ƙare rayuwarsa, in an shigo da alkakin biki sai ya kau da kai yana istigfari. Ƙanensa an cire masa yatsun ƙafa. Goggo, babbar yayarsu, tana nan da ranta, kwalbar allurarta a gindin randa saboda wutar unguwarsu ba ta da alkawari. Ni kuma na haura hamsin, ina ɗauke da tumbin da nake kira albarkar kasuwa, kuma mai shayin bakin layinmu ba ya tambayata cokali nawa. Zubawa yake yi sai na ɗaga hannu, ni kuwa Allah Ya yi ni da nauyin hannu. Uwargida ta daɗe tana bina da na'urar gwajin marigayi, wadda ake tsira yatsa a ɗiga jini. Kullum amsata tawakkali. Tsakanina da kai, allura nake tsoro.

A wata tafiya da na yi Guangzhou sarin leshi da shadda abin ya same ni. Na isa a watan Mayu, ana watsewa daga babban bajekolin Canton da suke yi sau biyu a shekara tun 1957, masana'antu sun cika da oda, aka ce kayana sai na jira. Unguwar Xiaobei ce zangonmu, inda dogon benen Tianxiu yake, shago kan shago, ga ofisoshin masu aika kaya, ga gidajen abincin halal. In ka tsaya bakin titi da yamma sai ka ji Hausar Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi suna gaisawa. Ɗan kasuwar da ke jiran kaya ba shi da aikin yi, rashin aiki kuwa ga wayayye hatsari ne.

A ofishin da ke yi mana lodi akwai wata yarinya Basiniya mai rubuta takardu. Tana ɗan jin Turanci, ni ma ina ɗan ji, in muka haɗa namu sai ya kusa isar mutum ɗaya. Ranar nan na tarar tana nuna wa abokiyar aikinta wani abu a waya. Ta ce gwajin ƙwayoyin halitta ta yi: a aiko maka 'yar kwalba, ka tofa yawu, ka mayar, bayan 'yan makonni a faɗa maka daga ina kakanninka suka fito da irin cututtukan da ke bin jininka. Na ce har da ciwon suga? Ta ce har da shi. Na ce allura fa? Ta ce babu allura, yawu kawai.

Ɗan'uwa, ban ji sauran bayanin ba.

Ga yadda na fahimci abin, kuma kada ka yi saurin dariya. Mu gwajin gadon da muka sani shi ne na sikila, na kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Ka ba da jini, a ba ka takarda, AA ne ko AS ko SS, magana ta ƙare. Sai na ɗauka suga ma haka yake, ko ka gada ko ba ka gada ba. Kuma tuni na yanke wa kaina hukunci cewa mahaifiyata na biyo, ga hancin nan kowa na gani. Hatimin kimiyya kaɗai ya rage, lasisin da zan ajiye wa uwargida kusa da butar shayi.

Na biya kuɗin da in na juya shi zuwa naira sai na ji jiri. Kwalba ta zo. Yarinyar ta ja kunnena: rabin awa kafin tofi ba ci ba sha, ba sigari ba cingam. Na ce ai mu masu azumin wata guda ne. Na zauna a kan kwalin wani ina jira, ina ɗan ɓantarar goron da na taho da shi daga Mariri, don goro a lissafina ba abinci ba ne, abokin hira ne. Da lokaci ya yi na tofa, na rufe, na miƙa mata da murmushi. Ta ɗaga kwalbar a haske, fuskarta ta canza. Abin da ke ciki ja ne jawur. Ta kira abokiyar aikinta, ita kuma ta kira manaja, manaja ya ce in buɗe baki, ya haska da fitilar waya, ya ga haƙori da dasashi duk sun rine, ya fara laluben lambar motar asibiti. Wasu 'yan Mali da ke jiran rasit sun gane tun farko, amma suka yi gum don su ga ƙarshen wasan, wani har yana ba da shawarar a kwantar da ni. Sai da na zaro goron na ɓantara na tauna a gaban jama'a, na wangame baki na nuna, ni dattijo mai 'ya'ya a jami'a, kafin hankalin manaja ya kwanta. Kwalba ta lalace. Sabuwa kuma ba kyauta ba.

Da sabuwar ɗakin otal na ɓuya. A nan na gano cewa yawun da ke zuwa ba gayyata in an wuce da tsire, ranar da ake nemansa yaji yake yi. Akwai layi a jikin kwalbar, mililita 2 kacal, kuma kumfa ba ta shiga lissafi. Na tofa, kumfa. Na jira ta kwanta, abin da ya rage ko gindin kwalbar bai jiƙa ba. Na murza kumatu yadda hoton takardar ya nuna. Na rufe ido na kira ɗanyen mangwaro da gishiri, na kira yakuwa. Ina tsugune a gefen gado daga ni sai singileti, kwalba a leɓe, ina maimaita "tsamiya, tsamiya" ƙasa-ƙasa, ashe mai gyaran ɗaki ta buɗe ƙofa tana tsaye da tawul a hannu. Daga ranar, in na zo wucewa, mai gadin otal har ɗan rusunawa yake yi.

Sakamako ya iso wayata a farkon Yuni, shafi bayan shafi, duk da rubutun Sinanci. Mai hankali zai nemi wanda ya iya. Wayayye kuwa ya riga ya sa an zana masa haruffa ukun da ke nufin ciwon suga a bayan rasit. Na gyara tabarau, na bi shafukan ina gwada zane da zane har na same su. Kusa da su ga wani gajeren layi kore shar, a gabansu kuma ga lamba 1, da irin rubutunmu, ba mai cewa ban iya karanta ta ba. Kore, ga kuma 1. Na zo na ɗaya ke nan. Rabona da zuwa na ɗaya tun firamare, shi ma a tseren buhu.

Na ɗauki hoton shafukan kaf, don a ga yawan aikin da aka yi a kaina, na yi 'yar dabarar da ake yi a Sin kafin WhatsApp ya buɗe, na zuba su a zauren dangi. Na bi su da saƙon murya mai tsawon huɗuba. Na ce kimiyyar ƙasar Sin ta binciki jinina tun daga tushe ta wanke ni. Na jajanta wa 'yan'uwan da suka biyo ɓangaren uba, na ba su shawarar rage zaƙi. Na ce uwargida ta ba da na'urar marigayi sadaka.

Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Akwai wani shayi da matasan garin ke sha a kofin roba, mai madara da ƙanƙara da wasu baƙaƙen ƙwallaye a ƙasa, waɗanda daga baya na ji da sitacin rogo ake yin su, wato na tsallaka teku na biya yuan don in zuƙi rogo ta bututu. In za ka saya ana nuna maka yawan sukari ka zaɓa: cikakke, kashi 70, rabi, kashi 30, ko babu. Yatsana bai taɓa sauka daga layin sama ba. Ga lokacin lichi ya kama, ɗan itacen nan mai jan ɓawo da farin ciki da lardin Guangdong ke alfahari da shi, zaƙinsa har cikin kunne, ina saye leda-leda. Ga zabibin 'yan Xinjiang. Har 'yan ƙunshin sukarin da otal ke ajiyewa wurin karin kumallo na riƙa cusawa a aljihu, saboda shayin gidajen abincin garin lami suke kawo shi.

Ranar Juma'a muka tafi masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda kabarin da Musulmin garin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne yake. Malamanmu dai sun ce a Madina aka binne shi, amma ba ni zan raba wannan gardama ba, hurumina a Kwari ya tsaya. Bayan an idar na sayi kofina, sai na ci karo da wani yaro ɗan Maraɗi mai karatun likita a wata jami'ar garin, wanda kan yi mana tafinta in ciniki ya yi tsauri. Na ce, "Likita, zo ka ga abin da ba a koya muku ba tukuna." Na miƙa masa waya.

Ya duba. Ya ja shafin kaɗan. Ya dubi kofin, ya dubi cikina, ya sake duban wayar. Yaro ne mai tarbiyya, leɓe kawai ya cije.

"Alhaji, ɗayan nan da kuka gani ba matsayi ba ne. Nau'i na 1 ke nan, wanda ya fi kama yara da matasa, inda garkuwar jiki ke lalata abin da ke samar da insulin. Na gidanku ga shi nan a ƙasa."

Na duba ƙasa. Haruffan nan uku dai, lamba 2 a gabansu, layinsu dogo, launin ruwan goro. Ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suga a duniya wannan na biyun ke damunsu.

Wayayye ba ya faɗuwa lokaci ɗaya. Na ce to shi ke nan, an rubuta, tunda na gada ai gara in ƙarasa kofina. Ya ce ba haka ba ne kuma. Muka samu inuwa ya yi mini karatu, ni da na saba bayarwa. Sikila, in ji shi, ƙwayar halitta ɗaya ce tak, shi ya sa takardarta ke iya cewa e ko a'a. Suga nau'i na 2 kuwa adashi ne. Wurare ɗaruruwa a cikin ƙwayoyin halitta kowanne na zuba ɗan ficikarsa, sannan tumbi da kujera da shekaru da kofin nan su yi zubi mai nauyi, ranar da ya cika a kawo maka kwasarka har gida. Mai babban zubi a ɓangaren gado wata ƙwaya ce, TCF7L2, wadda masu bincike na kamfanin deCODE suka gano alaƙarta da ciwon a Iceland a 2006, aka kuma tabbatar a jinin 'yan Najeriya da Gana da ayarin Dakta Charles Rotimi ya tattara. Ita ɗin ma, wanda ya gaji mugun samfurinta daga ɓangare ɗaya, haɗarinsa da wajen kashi 40 cikin ɗari yake ƙaruwa. Da yawa na ɗauke da shi su tsufa lafiya, da yawa ba su da shi ciwon ya kama su.

Sannan ya ƙara mini da wata. Samfurin nan ya yawaita a cikinmu mutanen Afirka ta Yamma, Sinawa kuwa ƙalilan ne ke da shi. Ma'aunin da ake auna mutum da shi kuma daga jinin waɗanda aka riga aka bincika ake gina shi, kuma a wani lissafi na 2019, kusan kashi 78 cikin ɗari na waɗanda aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka wajen kashi 2. Ke nan koren da na yi rawa a kansa da ruwan goron da ya kashe mini jiki, duka ba da irina aka yi lissafinsu ba. Inda gwajin gado ke da amfani sosai, in ji shi, shi ne wani nau'i marar yawa da ƙwaya ɗaya ke jawowa, mai kama mutum tun bai kai 25 ba, shi kuma likita ne ke tura mutum, ba yarinyar ofishin lodi ba.

"To ni yanzu wa zai faɗa mini gaskiya?"

"Su wa ke da shi a gidanku?"

Na fara lissafi da yatsu. Da na ƙare hannun dama na koma na hagu, ya ce ya isa. Wanda uwarsa ko ubansa ke da shi, likitoci kan ƙiyasta haɗarinsa a tsawon rayuwa da wajen kashi 40 cikin ɗari, in duka biyun ne ya doshi 70. "Gobe da safe kada ku ci komai," ya ce. "Har goro." Ashe labarin ya kai jami'a.

Washegari ya kai ni wani kyamis. Zan taƙaita abin da ya faru wurin tsira yatsa, in ce dai wani tsoho da ya zo sayen man zafi ne ya riƙe mini ɗaya hannun. Na'ura ta nuna 6.7. Nan take raina ya dawo. Ta marigayi da idona na sha ganin tana nuna 250, wata rana 300. Na ce, "Likita, ka gani ko? Ko goma ban kai ba!" Na fara laluben waya don in yi wa dangi ƙarin bayani. Ya dafe hannuna. Ya ce a Sin da wani ma'auni daban suke aunawa, sai an ninka nasu sau 18 kafin a samu irin na na'urar gidanmu. Ya danna ya juyo mini: 120 da 'yan kai. Lafiyayyen da bai karya ba ƙasa da 100 yake, daga 126 kuma ake kiran sunan ciwon, bayan an maimaita a ɗakin gwaji. Ni ina tsakani, wurin da ake ce wa mutum ya shiga taitayinsa.

Na koma otal na buɗe zauren dangi da niyyar goge huɗubata a ɓoye, na tarar an ci kasuwa an watse. Wani ɗan ƙanwata ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya da manhajar fassara, ya zuba komai da Hausa don amfanin jama'a, Allah Ya saka masa. Ashe gwajin ba cuta kaɗai yake dubawa ba. Akwai shafin da ya sanar da duniya cewa dauɗar kunnena mai danshi ce, kuma masu irinta hammatarsu ta fi saurin tashi. Akwai kuma shafin barasa. Kusan ɗaya cikin uku na mutanen gabashin Asiya na da wata ƙwaya da ke sa fuskarsu ta yi ja in sun kurɓa, shi ya sa gwajinsu ba ya tsallake wannan. Ni ba ni da ita, kusan duk baƙar fata haka. Yaron ya rubuta, har da alamar tafi: "Kawu jikinsa yana da ƙarfin ɗaukar giya."

Wani kawunmu limami, wanda ba ya magana a zauren sai ta'aziyya, ya tambaya a rubuce: "Ta yaya suka gwada?"

Goggo murya ta aiko, jikarta ta riƙe mata waya. "Kai ɗan nan, har Sin ka kai yawunka a gaya maka abin da ke gidanku? Da ka kawo mini kuɗin na jera maka su tun daga kakan kakanka, in haɗa maka da fura. Kuma wa ya ce maka uwarka ka biyo? Hancin ne kawai. Cikin nan na ubanka ne." Uwargida ba ta ce uffan ba. Hoton na'urar marigayi ta saka, an goge ta, an sa mata sabon batir.

Kafin mu rabu, ɗan Maraɗin ya ce in dai kimiyyar Sin nake so in yi taƙama da ita, ga wadda ta dace. Sin ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon suga, wajen miliyan 140 a ƙiyasin 2021. A 1986, a garin Daqing mai rijiyoyin mai, an ɗebi mutum 577 da sukarin jininsu ya fara hawa bai kai ciwo ba, aka sa wasu gyara abinci, wasu motsa jiki, wasu duka biyun, wasu aka bar su yadda suke. Bayan shekara shida, masu motsa jikin haɗarinsu ya ragu da kashi 46 cikin ɗari.

Saboda haka bayan asuba na nufi lambun Yuexiu, inda wani gunkin awaki biyar yake, in nuna wa Sinawa yadda ake motsa jiki. Na sa kaftanin shadda sabon guga da takalmi sau-ciki, don ko motsa jiki ne mutum ya fita da mutuncinsa. Wurin cike da tsofaffi, wasu na rawa da mafici, wasu na juya takobi a hankali. Na kama hanyar da ke hawa tudu da ƙarfina. Ban yi nisa ba shaddar ta manne a bayana, numfashina ya fara fita da sauti. Sai ga wata tsohuwa, a ido ta girmi Goggo, ta zo ta wuce ni, kuma da baya-da-baya take tafiya, yadda tsofaffinsu ke yi wai don lafiyar ƙugu. Ka ga wanda ya wuce ka ta gaba ƙeya ya ba ka, ka huta da idonsa. Wannan kuwa tana gabana tana fuskantata, tana tafa hannu, tana kallon yadda nake haki tun daga ƙasa har sama.

A sama na zube kan benci. Ta zo ta zauna, ta buɗe fulas, ta tsiyaya mini wani baƙin ruwa a murfi, shayin ganyen nan da mutanen Guangdong ke sha wai don kashe zafin jiki. Na karɓa da hannu biyu, na kurɓa, ɗaci ya tsaya mini a maƙogwaro, idona ya kawo ruwa. Wallahi ban aiki hannuna ba, da kansa ya shiga aljihu ya fito da ƙunshin sukarin otal. Ina cikin yaga bakinsa ta miƙo tafin hannu. Na ajiye mata. Ba ta janye ba. Na zaro sauran na ƙara mata. Ta ƙirga su, ta zuba a jakarta, sannan ta nuna ɗaya aljihun da haɓa.